Askin Auta

Ƙaryar da aka yi wa Mai Aski ba wanda ya zauna ya tsara ta. Daga bakin Inna ta suɓuto, a ɗakin asibiti, ranar da ya cika kwana goma sha tara a kwance bai san inda kansa yake ba.

A ranar ne ya buɗe ido sosai. Amarya, matarsa, tana gefen gado da kofin ruwa da cokali. Shekara takwas ke nan da aurensu, amma sunan ya ƙi barinta, ita ma ta gaji ta bar shi. Inna, mahaifiyarsa, tana kan kujerar roba daga wajen ƙafafunsa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da mutum yake yi wa waɗanda ya tarar a layin jiran mota. Sai ƙofa ta buɗe, ɗan baffansa ya shigo da ledar magani. Yana sanye da jar rigar kamfanin kai saƙo, irin wadda Auta yake sawa, don wuri guda suke aiki. Tsayinsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya.

Mai Aski ya ɗaga hannun da yake iya ɗagawa. "Auta," ya ce. Ita ce kalmarsa ta farko. "Auta, ka tsira."

Auta kuwa, ƙaninsa, wanda ya goyo shi a babur ranar da motar yashi ta kwashe su a mahaɗar titi, kwanansa goma sha tara a ƙarƙashin ƙasa. Ko asibitin bai iso da rai ba.

Ɗan Baffa ya buɗe baki zai yi magana. Inna ta riga shi.

"Shi ne, Babba. Ga shi nan lafiya lau. Kwanta ka huta."

Amarya ta ajiye cokalin a cikin kofi. Ta dubi tsohuwar, tsohuwar ta zuba mata ido ko ƙiftawa babu. Ita dai ta yi shiru, kuma wannan shirun ne ya zama nata kason a cikin ƙaryar.

Bayan mako guda likita ya zaunar da su ya yi musu bayani. Idon maigidan lafiya yake, in ji shi, yana ganin komai har lambar da ke jikin kwalbar magani. Wurin da ya bugu a cikin ƙwaƙwalwa shi ne wurin da yake gane fuska. Zai ga ido, ya ga hanci, ya ga baki, amma ba za su haɗu su zama wani da ya sani ba. Wataƙila abin ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Ya ce duk wanda zai shiga wurinsa ya fara faɗin ko shi wane ne, kada a bar shi yana lalube. Ya kuma ce a bi shi a hankali, a kiyaye tayar masa da hankali. Likita bai ce a ɓoye masa mutuwa ba, don ba wanda ya gaya wa likita abin da ake ciki. Amma Inna ta kama wannan kalma guda, ta ƙulle ta a bakin zane, duk wanda ya zo mata da wata magana sai ta kwance ta nuna masa.

Saura murya. Fuska ce ta ɓace wa Mai Aski, kunnensa garau yake, kuma muryar Ɗan Baffa ba ta yi kama da ta Auta ba ko kaɗan. Auta in yana magana a ƙofar gida har maƙwabta sun san ya zo. Nan ma Inna ta samo dabara. Ta ce wa ɗanta ƙarfe ya bugi Auta a maƙogwaro, sai da raɗa yake iya magana, kuma an hana shi yawaita ta. Haka ƙarya take, in ka haifi ɗaya sai ka nema mata ƙanne.

Da aka sallame su suka koma gida, kowa ya koyi sabuwar sallama. "Ni ce, Amarya." "Ni ce, Inna." Mai kawo ruwa ma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi sana'arsa. Duk bayan kwana biyu kuma, da la'asar in an tashi daga aiki, labule yakan motsa, a ji wata murya can ƙasa-ƙasa, busasshiya, ta ce, "Ni ne, Auta."

Amarya ba ta taɓa sabawa da ita ba. Ko tana tsakar gida tana wanki, da ta ji wannan raɗar sai tsigar jikinta ta tashi har ƙeya. Ita ce ta karɓo kayan Auta a asibiti a cikin baƙar leda, takalmi ƙafa ɗaya da agogon da gilashinsa ya tsage. Ta san inda ta ɓoye su, a saman kwaba, bayan tsofaffin kwanuka. Amma ga shi mamacin yana yin sallama da rana tsaka, mijinta kuma yana amsawa da fara'ar da ita kanta ba ta samu.

Sauƙi ya zo, sai dai a hankali, kamar ɗigon famfo. Sau uku a mako take raka shi sashen gashin ƙashi. A can akwai wata ma'aikaciya gajeriya mai faɗa, marasa lafiya suna kiranta Sajan a bayan idonta, ita kuma ta sani, tana ma jin daɗin sunan. Ita ta tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu ya yi taku huɗu ya zube. Ita ta sa shi matsa ƙwallon roba har gumi ya jiƙa masa riga. A gida ta ce a zube masa maɓallai a faranti ya riƙa tsince su ɗaya-ɗaya yana jefawa a gwangwani. Mutumin da yake fitar da layin goshi da reza ba tare da ya ɗauke numfashi ba, shi ne yake bin maɓalli da yatsa biyu yana kuɓuce masa. Wata rana ya yi jifa da farantin, ya zagi Amarya zagin da bai taɓa yi ba, bayan minti goma kuma ya tambaye ta me ya sa idonta ya yi ja. Haske yana sara masa kai. Rediyo yana sara masa kai. Madubin ɗaki sai da ta lulluɓe shi da zane, don ya ce akwai wani ramammen mutum mai tabo a kai da yake leƙensa ta ciki.

Duk wannan ta ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne yadda ya yarda da su. Mutum ne da ba ya iya tabbatar da kowa da idonsa, abin da aka gaya masa shi ne duniyarsa. In ta ce ita ce, to ita ce. Ya jingina da bakinsu kamar yadda yake jingina da sandarsa, ita kuwa ta san akwai gara a jikin sandar. Tsoronta ke nan safe da yamma: ranar da zai gane, da wa kuma zai sake yarda?

Ta gwada Inna sau biyu. Na biyun a kicin ne, tsohuwar tana zuba abinci a kwanon Auta, kwano mai murfi shuɗi wanda ba a yarda kowa ya taɓa ba sai mai jar riga.

"Inna, ya fara warwarewa. Ko za mu gaya masa?"

"Mu gaya masa me?"

"Inna..."

"Ke ba ki haifa ba balle ki binne." Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Shi ya kira yaron nan a waya ya ce ya zo ya kai shi sayen bakin injin aski. Kin san halinsa. In ya ji, cewa zai yi shi ya kashe shi. Na ba ƙasa ɗaya, ba zan ƙara mata na biyu da hannuna ba. Ɗauki kwanon nan ki kai."

Maganar ta soki Amarya inda ba ta warkewa, amma ta ɗauki kwanon. A hanya ne ta fahimci wani abu da ya fi maganar ba ta tsoro. Inna ba don Babba kaɗai take yi ba. Tun da aka fara, tsohuwar ta daina kuka. Takan ce, "Auta bai zo ba yau?" ko da Babba ba ya kusa. Takan ajiye masa tsokar da yake so. In Ɗan Baffa ya juya baya zai fita, takan bi jar rigar da kallo har ta sha kwana.

Shi ma Ɗan Baffa abin ya fara cinsa. Da can mutum ne mai tafiyar sanɗa, yanzu ya koyi jan ƙafar hagu irin na Auta, ya koyi kaɗa makullin babur a yatsa. Da farko don Yaya yake yi, daga baya ko a titi haka yake tafiya. Wata la'asar ya tsaya a soro yana ɗaura igiyar takalmi, ya ce da ita cikin muryarsa ta gaskiya, wadda ta dishe don rashin amfani:

"Anti, jiya a wurin aiki an kira sunana sau uku ban waiwaya ba. Wallahi na ɗauka da wani ake."

"Ka yi haƙuri. An kusa."

"An kusa me? Ni fa ko wucewa ta mahaɗar nan ba na iya yi. Sai in ga kamar ni ne ya kamata a ce ina kwance a wurin."

Ta miƙa masa hular kwanonsa, ya tafi yana jan ƙafa.

A wata na biyar Sajan ta duba hannun Mai Aski, ta sa shi ya ɗaura maɓallin riga daga sama har ƙasa, ya zare allura daga jikin ƙyalle, ya yanka takarda a kan layi da almakashi. Ta gyaɗa kai.

"Malam, zaman ya isa haka. Hannun nan aikinsa yake nema. Ka samu wani na gida, mai haƙuri, wanda in ka yi masa gefe ɗaya tudu gefe ɗaya kwari ba zai kai ka ƙara ba. Ka yi masa aski."

Mai Aski ya yi dariya, dariya ta sosai, irin wadda Amarya ta manta yana da ita.

"Ai ina da shi," ya ce. "A kansa na koyi sana'ar. Tun yana shekara biyar nake ɓata masa kai, bai taɓa kai ni ƙara ba sai wurin Inna."

Amarya ba ta yi dariya ba. Ita matar mai aski ce, ta san abin da Sajan ba ta sani ba, abin da Inna ma ba ta taɓa kawowa a ranta ba. Mai aski ba ta gaba yake sanin mutane ba. Yininsa a bayansu yake yi. Sau nawa yana dawowa gida yana ba ta labarin wani da ya yi shekara goma ba ya gari, bai gane shi ba da ya shigo, sai da ya zauna ya ɗora masa hannu a ka?

Ta gaya wa Inna. Inna ta ce kai ai kai ne, gashi kuma gashi ne. Ta gaya wa Ɗan Baffa, ta ce ya ce aiki ya riƙe shi.

"Zan zo, Anti," ya ce. "Na gaji."

Da hantsi suka je shagon, ranar da ba kowa a layin sai mai gyaran waya da ke maƙwabtaka. Amarya ta ɗaga ƙofar ƙarfen da taimakonsa. Ƙura ta kwanta a kan komai, kwalbar sifirit ta bushe, hotunan samfurin aski da ke bango sun koɗe. Ta share, ta goge kujera, ta sa wa inji mai kamar yadda ya nuna mata. Za ta rufe babban madubin da zane ya ce ta bar shi, ba zai duba ba. Inna ta ce ba za ta zo ba, sai ga ta ta biyo su a baya, ta zauna a bencin masu jira ta haɗa hannu a cinya.

Inuwa ta tare ƙofa.

"Ni ne, Auta."

"Zauna, sarkin ƙorafi," in ji Mai Aski. Ya jingine sandarsa a jikin teburi. Ya kaɗa ƙyallen aski sau ɗaya ya yi ƙara, ya yafa masa, ya ɗaure a wuya. Hannunsa bai yi rawa ba. Ya kunna inji, ƙugin ya cika shagon, har ya lumshe ido yana saurare.

Sai ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan Ɗan Baffa, don ya karkata shi.

Amarya tana tsaye a bayansa, tana ganin komai. Hannun ya sauka a tsakar kai, inda gashi yake juyawa. Ya tsaya. Babban yatsa ya zagaya wurin, ya koma ya zagaya ta ɗaya hannun. Yatsun suka gangara ƙeya a hankali, suka bi ƙashin, suka je bayan kunnen dama suna neman wani abu. Suka koma bayan na hagu. Suka sake dawowa na dama. Inji yana ta kuka a iska, bai taɓa gashi ko ɗaya ba.

A cikin madubi ta ga Ɗan Baffa ya runtse ido, hawaye yana bin gefen hancinsa. Ta matso kusa, don in Maigida zai faɗi ya faɗo a jikinta.

Bai faɗi ba. Ya sauke inji a kan, ya fara aski.

Ya yi shi a natse, daga ƙeya zuwa sama, yana kakkaɓe bakin inji da buroshi. Gashi yana zuba a ƙyalle. Sai da ya kai rabi Amarya ta lura da abin da yake yi. Auta tara gashi yake a sama a kwashe gefe. Wannan kuwa ƙasa-ƙasa ake yin sa, daidai ko'ina, ba layi a goshi. Askin Ɗan Baffa ne, wanda yake yi masa duk ƙarshen wata tun kafin a yi aurensu.

Ya gama. Ya gyara bayan wuya da reza, ya shafa hoda, ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe. Ya kashe inji ya ajiye shi a mazauninsa.

"Tashi, ɗan Baffa," ya ce. "Ka yi magana da muryarka. Ka sha wahala."

"Yaya..." Muryar ta fito, ta kowa da kowa, ta karye a tsakiya. "Yaya, ka yafe mini."

Inna ta miƙe daga benci. "Babba, rikicewa ka yi. Ciwon ne. Auta ne, dube shi da kyau..."

"Ba na iya dubawa, Inna. Kin sani." Bai ɗaga murya ba. "Auta yana da tabo a bayan kunnen dama. Ni na yi masa shi, ranar da na fara riƙe reza. Ke kika ɗaure masa."

Tsohuwar ta koma ta zauna. Kukan da ta riƙe wata biyar ya taso mata, ba da ƙarfi ba, wani siririn sauti mai tsawo da bai yi kama da na mutum ba. Ɗan Baffa ya durƙusa a gabanta.

Mai Aski ya juyo. Idonsa ya sauka a kan Amarya, ya bi fuskarta daga goshi zuwa haɓa, bai sami inda zai kama ba.

"Ni ce," ta ce da sauri. "Ni ce, Amarya."

"Haka kika ce."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta tsaya, bakinta a buɗe, ba ta da wata shaida a duniya sai bakin nan da ya riga ya yi masa ƙarya.

"Muryar taki ce," ya ce a hankali. "Amma shi ma na ji tasa, na ce ciwo ne ya sauya ta. Wata biyar ina gaisawa da shi. Ina tambayarsa ya maƙogwaron." Ya nuna kujerar askin. "Cire ɗankwalin. Zauna."

Ta cire. Ta zauna a kujerar da har yanzu take da ɗumin jikin Ɗan Baffa, gashinsa yana manne mata a hannu. Tafin hannun mijinta ya sauka a kanta, mai sanyi, yana warin hoda da man inji. Ya bi layin kitsonta ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa bayan kunnuwanta, ya taɓa ɗan kwarmin da ke ƙeyarta. Ya daɗe, ya fi yadda ya daɗe a kan Ɗan Baffa, ita kuwa tana kallon su a madubi, mace da miji, shi kansa a sunkuye don kada ya ga baƙi biyu.

"Ke ce," ya ce daga ƙarshe. Babu murna a ciki. Bai ɗauke hannun ba, sai ma ya ƙara danna shi, kamar mai tsoron kada a musanya masa ita kafin ta buɗe baki. "To yanzu da nake riƙe da ke, gaya mini. Ina ƙanina?"

"Ya rasu, Maigida. Tun a wurin."

Ta ji yatsun sun ƙanƙame kanta har ya yi zafi, ba ta janye ba.